Umma ta daina shan ruwa in za ta fita unguwa: kun taɓa tambayar dalili?

Akwai wasu halaye da iyayenmu mata ke ɗauka idan sun doshi shekara hamsin, mu kuma 'ya'yansu sai mu ɗauke su a matsayin rigimar girma. Za a yi tafiya daga Kano zuwa Kaduna, tun daren jiya ta daina shan ruwa. An je gidan biki, ta zaɓi kujerar da ke kusa da ƙofa. A jakarta kullum akwai zani na biyu a ninke. Tsakanin Magariba da Isha ta sake alwala sau uku. Da dare kana kwance kana danna waya, ka ji ƙarar buta sau huɗu kafin asuba. Wata ma sallar Asham da take zuwa masallaci shekara da shekaru ta bari, in ka tambaya ta ce ƙafa ce ke damunta.

A gidaje da yawa ba ƙafa ba ce, mafitsara ce. Matan da ke tsakanin shekara 45 zuwa 55, wato lokacin da jinin al'ada ke rikicewa har ya ɗauke gaba ɗaya, suna fama da matsalolin fitsari fiye da yadda muke zato, kuma kusan dukkansu sun zaɓi su yi shiru. Ra'ayina shi ne wannan shirun yana cutar da su ba gaira ba dalili, domin yawancin matsalolin suna da magani ko hanyar sauƙaƙawa. Mu matasa da ke riƙe da wayoyi muna da hannu a cikin lamarin ta fuska biyu. Mu ne ke yi musu dariya, kuma mu ne ke tura musu bidiyon masu tallar maganin sanyi. Ya kamata mu zama mu ne masu raka su asibiti.

Me ke faruwa a jikinta?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata na daina al'ada ne tsakanin shekara 45 da 55. Likitoci na tabbatar da ɗaukewar idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba kuma wata cuta ce ta tsayar da shi ba. Kafin a kai nan akwai shekaru na rikicewa: wata biyu babu, sai ya zo da yawa, ga gumi da dare, ga zafi da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ga rashin barci.

Abin da ke janyo wannan shi ne raguwar wani sinadari da ƙwayayen mace ke samarwa, istirojin. Mu dai mun san shi da batun al'ada da haihuwa, amma aikinsa ya wuce nan. Fatar cikin gaban mace, da bututun da fitsari ke bi ya fita, da wuyan mafitsara, duk suna dogara da shi domin su kasance da kauri da laushi da danshi. Idan ya ragu, sai wuraren su yi siriri, su bushe, su zama masu saurin jin zafi. Bututun fitsarin mace gajere ne, bai wuce kimanin santimita 4 ba, don haka ɗan canji kaɗan a jikinsa ya isa ya rage ƙarfin rufewarsa.

Akwai kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a gaban mace, waɗanda ke sa wurin ya kasance da ɗan tsami, tsamin da ke hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Su ma da istirojin suka dogara. In ya ragu su ma sai su ragu, ƙwayoyin cuta da ke fitowa daga hanji su samu hanya zuwa mafitsara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa za ka ga matar da ta yi shekara talatin ba ta san zafin fitsari ba, ta wuce hamsin sai abin ya riƙa dawo mata duk bayan 'yan watanni.

A 2014 ƙungiyoyin likitoci biyu masu kula da lafiyar mata suka haɗa waɗannan alamomi ƙarƙashin suna ɗaya, domin a daina kallon bushewar gaba daban, matsalar fitsari daban, alhali tushensu guda ne. Bincike da dama na nuna kusan rabin matan da suka daina al'ada na samun wani abu daga cikin alamomin. Wani abin lura kuma, gumin dare da zafin jiki kan lafa da kansu bayan wasu shekaru, amma bushewa da matsalar fitsari ba sa tafiya da kansu. In ba a nemi magani ba, ƙaruwa suke yi.

Matsalar ba iri ɗaya ba ce

Na farko shi ne ɗigar fitsari lokacin tari, atishawa, dariya, ko ɗaga wani abu mai nauyi kamar bokitin ruwa ko jika. A nan tsokokin ƙasan mara da ke tallafe da mafitsara ne suka yi rauni, duk abin da ya matsa ciki sai ya tura fitsari waje.

Na biyu shi ne matsuwa ta gaggawa. Mace na zaune lafiya, kwatsam ta ji fitsari ya taho da ƙarfi, kafin ta kai bayi ya zubo. Lafiyayyar mafitsara na ɗaukar kimanin rabin lita, kwatankwacin leda ɗaya ta fiya-wata, amma wannan tana fara matsawa tun ba ta cika ba. Mai irin wannan kan yi fitsari fiye da sau takwas a yini, ta kuma tashi sau biyu ko fiye da dare. Mata da yawa suna da na farkon da na biyun a haɗe.

Na uku shi ne cutar mafitsara mai dawowa: zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, ciwon mara, fitsari mai wari ko mai gurɓata. Idan ta faru sau biyu cikin wata shida, ko sau uku cikin shekara, likitoci na ɗaukarta a matsayin mai maimaituwa, kuma ba a magance ta yadda ake magance wadda ta zo sau ɗaya.

Gaskiya dai ba komai za a ɗora wa ɗaukewar al'ada ba. Ɗigar fitsari lokacin tari ta fi alaƙa da yawan haihuwa, da doguwar naƙuda, da ƙiba, da shekaru. Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma ya kai 6.6, a jihar Katsina kuwa 7.3. Ka ƙiyasta tsokar da ta ɗauki ciki bakwai ko goma, sannan istirojin ya janye daga gare ta. Ciwon suga da ba a gano ba yana sa yawan fitsari da ƙishirwa. Wasu magungunan hawan jini aikinsu kenan su fitar da ruwa daga jiki. Taurin bayan gida yana danne mafitsara. Zazzagowar mahaifa ko ta mafitsara, wadda mace ke jin kamar wani abu na leƙowa daga gabanta, tana hana fitsari fita duka. Yawan waɗannan dalilai shi ne babbar hujjar cewa likita ne ya kamata ya duba ya rarrabe. Hasashe a gida ba zai gano wanne ne ba.

Me ya sa suke ɓoyewa?

Dalili na farko kunya ce, kuma kowa ya san yadda tarbiyyarmu take. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba za ta zaunar da shi ta ce masa fitsari na kufce mata ba. Likitan da za ta gani ma sau da yawa sa'an ɗanta ne. Sai ta shiga ɗakin ta ce masa ciwon baya da ciwon mara, ya rubuta maganin ciwo, ta fito da matsalarta yadda ta shiga da ita.

Dalili na biyu kalma ce. A Hausa idan aka ce yoyon fitsari, hankalin kowa na tafiya ga lalurar nan da doguwar naƙuda ke haddasawa, inda rami ke buɗewa tsakanin mafitsara da gaba, fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tsayawa. An yi shekaru ana wayar da kai a kanta, akwai cibiyoyi na musamman irin ta Babbar Ruga a Katsina, da ta Laure a Asibitin Murtala na Kano, da ta Ningi a Bauchi, da ta Danja kusa da Maraɗi, kuma duniya na tunawa da ita kowace ranar 23 ga Mayu. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai tsangwamar da aka daɗe ana yi wa masu wannan lalura ta sa kalmar ta yi nauyi a baki. Hajiyar da ke ɗigar fitsari in ta yi tari tana tsoron kada a ce tana da yoyon fitsari, kishiya ta ji, surukai su ji. Lalurorin biyu kuwa sun bambanta a dalili da kuma magani. Ba mu da wata kalma mai sauƙi da za ta kira abin da ke damunta, abin da ba shi da suna kuma wuyar faɗa gare shi.

Dalili na uku shi ne an gaya mata haka girma yake. Ta ga uwarta ta yi, ta ga gwaggonta ta yi, sai ta ɗauka rabonta ne ya zo. Yawan masu fama da abu bai mayar da shi lafiya ba. Hawan jini ma ya yi yawa a cikin dattawanmu, amma babu wanda ke cewa a bar shi tunda kowa na da shi.

A sashenmu na koyon aikin jarida ana koya mana ra'ayin wata Bajamushiya, Elisabeth Noelle-Neumann, wanda ta fitar a 1974. A taƙaice ta ce mutum in ya ga kamar shi kaɗai ne a kan abu, sai ya yi shiru don gudun a ware shi, shirunsa kuma ya sa na kusa da shi ma ya zaci shi kaɗai ne. Ita a kan siyasa ta yi maganar, amma ka duba zaman mata a gidan suna. Mata goma 'yan shekara hamsin a tabarma ɗaya, wataƙila da dama daga cikinsu na da ƙyalle a jiki saboda fitsari, kowacce na zaton ita kaɗai Allah ya jarabta.

Kasuwar sanyi a wayoyinmu

Inda likita bai yi magana ba, ɗan kasuwa zai yi. Buɗe TikTok ko Facebook ka rubuta kalmar sanyi ka ga ikon Allah. Ƙaiƙayi sanyi ne, bushewa sanyi ce, yawan fitsari sanyi ne, ciwon baya sanyi ne, rashin sha'awa ma sanyi ne, kuma jarka ɗaya ce ke maganinsu duka. Wasu sun ƙara da cewa a bayan gida ake ɗaukar cutar. Ƙwayoyin da ke haddasa yawancin cutar mafitsara daga hanjin mai cutar suke fitowa, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar yin tsarki daga gaba zuwa baya. Zaman masai ba shi ne tushen matsalar ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shawarwarin matsi da tsarki da ake bai wa mata: alif, bagaruwa, kanumfari, sabulai masu ƙamshi, da hayaƙin tsuguno. Fatar da ta riga ta yi siriri ta bushe saboda rashin istirojin, ka zo ka zuba mata abin da ke ƙara busarwa, ai ka ƙara wa wuta fetur. Raɗaɗin zai ƙaru, ragowar ƙwayoyin masu amfani su mutu, mai maganin kuma ya ce sanyin ne ya yi yawa, a ƙaro jarka ta biyu.

Sai kuma kemis. Duk lokacin da Umma ta ce tana jin zafin fitsari, a aiki yaro ya karɓo kafso na kwana biyu, ta sha, ta ji sauƙi, ta ajiye. Matsala biyu ke nan. Bushewar da ɗaukewar al'ada ke kawowa kan sa zafin fitsari ko da babu wata ƙwayar cuta, don haka maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da abin da zai kashe. In kuma akwai cutar, shan magani rabi-rabi yana koya wa ƙwayoyin jure masa, ranar da cutar ta haura ƙoda a rasa wanda zai yi aiki. Gwajin fitsari da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ke ɗaukar kwana biyu zuwa uku, shi ke nuna ko akwai ƙwayar cuta da kuma maganin da ke kashe ta.

Iyayenmu da yawa ba su ne ke nemo waɗannan bidiyoyi ba. Mu ne ke turawa a zauren WhatsApp na gida, mu ne ke tura kuɗin, mu ne ke zuwa tasha karɓo saƙon. Da niyyar taimako muke yi, amma kyakkyawar niyya ba ta canza abin da ke cikin jarka.

Batun alwala

A wurin yawancin iyayenmu, abin da ya fi ciwo a wannan lalura shi ne ibada. Mace ta yi alwala, ta tayar da salla, ta sunkuya ruku'u ta ji ɗigo. Ta sallame, ta sake tsarki, ta canza zani, ta dawo. Wata har kuka take yi a ɓoye tana ganin sallarta ba ta karɓuwa. Wata ta fasa zuwa Umara da aka biya mata. 'Yan uwanmu Kirista ma akwai iyayen da suka koma zama a kujerar baya a coci, ko suka daina zuwa doguwar addu'a, saboda wannan dalilin.

Malaman fiƙihu sun san wannan lalura tun ƙarnoni da suka wuce, suna kiranta salasul bauli, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun yi magana a kanta. A mazhabar Malikiyya an yi sauƙi ga wanda fitsari ke kufce masa a mafi yawan lokaci, ba a ɗora masa hukuncin mai lafiya ba. Yadda hukuncin zai hau kan kowace mace ya danganta da yawan abin da lokutansa, don haka malami ko malama za a tambaya. Abin da nake roƙo shi ne malaman Islamiyyun matan aure su riƙa buɗe wannan babi da kansu ba sai an tambaya ba, su kuma ƙara da cewa lalura ce da ake zuwa asibiti a kanta. Kalma ɗaya daga bakin malama ta fi bidiyo ɗari tasiri a wurin iyayenmu.

Abin da ke aiki

Matakin farko ba ya cin ko sisi, wato motsa tsokokin ƙasan mara. Wani likitan mata Ba'amurke, Arnold Kegel, ya bayyana shi a 1948, shi ya sa ake kiran motsin da sunansa. Mace za ta matse tsokar da take matsewa in tana son riƙe tusa ko tsayar da fitsari, ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ta ɗauke numfashi ko ta matse ciki da cinya ba, sannan ta saki. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar aƙalla matsa takwas, sau uku a rana, na tsawon wata uku ko fiye, ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin. Ana yi a zaune, a kwance, ko ana tsinke zogale, babu wanda zai sani. Ba a mayar da lokacin fitsari lokacin atisayen. A manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai likitocin mata da sashen gashi da motsa jiki da za a iya tambaya.

Ga mai matsuwar gaggawa akwai horar da mafitsara. Ana tsara lokutan fitsari, a riƙa ƙara tazara kaɗan-kaɗan na tsawon mako shida ko fiye, har mafitsara ta saba da riƙewa. In hakan bai wadatar ba akwai magungunan da likita ke rubutawa.

Ga bushewa da cutar mafitsara mai dawowa, akwai istirojin na shafawa ko na sakawa a gaba, ɗan kaɗan ne, abin da ke shiga jini daga cikinsa ƙalilan ne. Bincike ya tabbatar yana dawo da lafiyar fatar wurin kuma yana rage dawowar cutar. Likita ne ke rubuta shi, kuma wadda ta taɓa yin kansar mama dole ta faɗa masa. Ya bambanta da ƙwayar istirojin ta haɗiya. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2005 ya nuna ta haɗiyar na iya ƙara ɗigar fitsari, don haka kada kowa ya je kemis ya sayo wa uwarsa ita da sunan gyara.

Akwai kuma gyare-gyaren yau da kullum. Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon kwalba masu kafin suna tsokanar mafitsara, rage su na taimakawa. Mai ƙiba in ta rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta tana ganin bambanci. Ganye da 'ya'yan itatuwa na hana taurin bayan gida. Ƙin shan ruwa kuwa, dabarar da kusan kowace uwa ke yi, ƙara dagula lamarin take: fitsari ya yi kauri ya riƙa ƙona mafitsara, bayan gida ya yi tauri, ga zafin garuruwanmu a watan Afrilu. Abin da ya dace shi ne ta sha isasshe da rana, ta rage idan dare ya yi. In duk waɗannan ba su yi ba, akwai zoben roba da ake sakawa ya tallafi mahaifar da ta zazzago, akwai kuma tiyata.

Wasu alamomi ba sa jiran gobe. Jini a fitsari, ko jini daga gaba bayan al'ada ta ɗauke shekara guda, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi da amai tare da zafin fitsari, ko kasa yin fitsarin gaba ɗaya. Jini a fitsari na iya zama tsargiya a garuruwan da ke bakin ruwa, yana iya zama tsakuwa, yana kuma iya zama kansa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a gida, ranar za a tafi asibiti.

"Wannan ai ba huruminmu ba ne"

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasan wannan rubutu: haba, ina ruwan yaro da fitsarin uwarsa, wannan ai rashin kunya ne. Ina girmama wannan damuwa, domin kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya abu ne mai daraja, ban kuma ce a zubar da ita ba. Amma mu duba yadda muke yi da sauran cututtuka. Idan Baba na fama da basir, ko fitsari ya riƙe masa saboda kumburin da ke samun maza in sun manyanta, 'ya'yansa maza ke ɗaukarsa zuwa asibiti, babu mai cewa sun yi rashin kunya. Me ya sa idan aka zo kan Umma sai kunya ta zama dalilin barinta da ciwo?

Kuma ba sai ka furta kalmar ba. Namiji na iya cewa: "Umma, na ga kin kwana biyu ba ki ga likita ba, na yanki kati, Anti za ta raka ki ranar Talata." Ya biya kuɗin mota da na gwaji, ya tsaya a waje. Ya kuma nemi a haɗa ta da likita mace in akwai. 'Ya mace kuwa tana da hanya mafi sauƙi, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tana iya cewa: "Mama, na karanta wai mata da yawa in al'ada ta ɗauke suna samun matsalar fitsari, kuma wai akwai magani." Daga nan ta yi shiru ta saurara. In uwar ta kauda kai, a bi ta hannun ƙanwarta ko aminiyarta. Kafin ranar asibiti, a taimaka mata ta rubuta na kwana uku: sau nawa ta yi fitsari, me ta sha, yaushe ya kufce. Wannan 'yar takarda na taimaka wa likita ƙwarai, tana kuma rage mata nauyin bayani da baki.

Sai dariya. Barkwancin tsohuwa mai warin fitsari da ake yi a gajerun bidiyoyi, da tsakin da muke yi in ta ce direba ya tsaya a hanya, duk tana ji tana gani, kuma su ne ke ƙara rufe mata baki. Iyayenmu maza ma suna buƙatar wanda zai fahimtar da su. Bushewar nan na sa kwanciyar aure ta zama azaba ga mace, miji kuma in bai sani ba sai ya fassara shi da ƙiyayya ko raini. Aure na shekara talatin na iya yin tsami a kan abin da man shafawa na asibiti zai gyara.

Ga 'yan uwana masu shirin zama 'yan jarida: a aji an koya mana binciken McCombs da Shaw na 1972, cewa kafafen yaɗa labarai ne ke zaɓar wa jama'a abin da za su ɗauka da muhimmanci. Shirye-shiryen lafiya a gidajen rediyonmu sun cika da awon ciki, rigakafi da shayarwa, kuma sun cancanta. Amma da zarar mace ta gama haihuwa sai ta ɓace daga jadawalin, kamar lafiyarta ta ƙare da haihuwar auta. Ranar 18 ga Oktoba ce ranar da duniya ta ware domin batun ɗaukewar al'ada. Gidan rediyo nawa ne a Kano, Katsina ko Damagaram ke gayyato likitar mata a ranar, a buɗe layi mata su kira ba tare da faɗin suna ba? Masu shafuka da mabiya dubu ɗari, minti biyu da wata ƙwararriyar ungozoma tana bayanin motsa tsokar mara zai fi tallar jarka amfani. Hukumomin kasuwanni da tashoshin mota su ma a tambaye su: macen da ke zaune a rumfa daga safe zuwa yamma, ina za ta zaga cikin tsafta da sirri? Rashin bayi mai kyau na cikin abin da ke sa mata ƙin shan ruwa da riƙe fitsari.

'Yan mata sa'o'ina, wannan magana tamu ce tun yanzu. Motsa tsokar mara lokacin goyon ciki da bayan haihuwa yana rage ɗigar fitsari, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda take shekara 22 yau, nan da shekara ashirin da 'yan kai ita ce za ta shiga wannan mataki. Irin bayanin da muka saba yi yanzu, da irin asibitin da muka matsa aka gyara, su za mu tarar.

Kafin nan, a wannan makon, kowa ya lura da mahaifiyarsa, ko gwaggonsa, ko yayar da ta riƙe shi. In ka ga alamar, kada ka tura mata bidiyo. Ka nemi wadda take jin nauyinta kaɗan a cikin dangi, ka ba da kuɗin kati da na gwajin fitsari da na suga, a sa rana. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su.